Yadda Rahoton Hoton Asibiti Ya Samu Tsari

Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, matsalar ba ta tsaya kan ɗaukar hoto ba. Hoton ba ya magana. Sai wani ya duba ya faɗi abin da ya gani. Rahotannin farko wasiƙu ne kawai, likita ya rubuta wa abokin aikinsa da hannu, kowa da irin bakinsa. Wani ya cika takarda da bayani ba tare da ya yanke hukunci ba, wani ya rubuta layi biyu ya sa hannu.

Preston Hickey, wani likitan hoto a jihar Michigan ta Amurka, ya koka da wannan rikici tun 1922, ya nemi a daidaita yadda ake rubuta rahoto. Ba a saurare shi sosai ba. Abin da ya sauya a shekarun da suka biyo baya kayan aiki ne kawai: likita ya yi shibta a kaset, mai tafireta ta buga, daga baya kwamfuta ta koyi juya murya zuwa rubutu. Hannu ya huta, amma kalmomin suna nan yadda suke, cike da "mai yiwuwa" da "ba za a iya kawar da zato ba".

Sankarar mama ce ta tilasta gyara. A shekarun 1980 gwajin hoton mama ya bazu a Amurka, mata masu ɗimbin yawa suna zuwa ba tare da suna jin ciwo ba, likitocin da suka tura su kuma suna karɓar rahoton da ba su san me za su yi da shi ba: a yanko nama a gwada, ko a jira? Ƙungiyar likitocin hoto ta ACR ta fitar da BI-RADS a 1993, ƙamus na kalmomin da aka yarda da su da kuma lambar hukunci a ƙarshen kowane rahoto. A tsarin yau lambobin daga 0 ne zuwa 6. Lamba 3 na nufin zaton sankara bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, a dawo bayan wata shida. Lamba 5 kuwa zaton ya kai kashi 95 ko fiye. A ganina nan ne aka haifi tsararren rahoto, ba a ɗakin masu rubuta manhaja ba, domin kwamfuta ba ta iya ƙirga abin da mutane ba su amince da sunansa ba.

Sauran sun biyo sahu. Ƙa'idar DICOM ta tanadi hanyar adana rahoto a matsayin bayanai da na'ura ke iya karantawa, ƙungiyar RSNA ta haɗa ƙamus ɗin RadLex da rumbun samfuran rahoto, sannan aka kwaikwayi BI-RADS ga hanta a 2011, ga huhu a 2014.

Har yau akwai likitocin da ba sa son akwatunan cikewa, kuma suna da hujja. Duk daƙiƙar da ido ya koma kan fom, ya bar hoton. Samfurin da ya zo da "lafiya ƙalau" a rubuce kuma yakan wuce haka idan mai gajiya ya manta bai gyara ba.