Tsamin ruwa a tankin kifi na gida

Magidanta da dama a Yamai suna kiwon tarwaɗa da karfasa a tankin siminti ko na roba. Sau da yawa kifin yakan daina cin abinci, ko ya mutu, alhali ruwan garau yake a ido. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsamin ruwa.

Ana auna tsami da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da 7 ruwa ya karkata wajen tsami, kamar ruwan tsamiya. Sama da 7 ya karkata wajen kanwa. Waɗannan kifaye sun fi lafiya tsakanin 6.5 da 8.5.

Ruwan famfon Yamai daga kogin Kwara ake ɗebo shi, a tace a Gudel da Yantala. Ruwan kogin ba shi da ma'adinai da yawa, shi ya sa sabulu ke saurin kumfa da shi. Ga mai wanki alheri ne, amma a tanki abu kaɗan yakan juya tsaminsa.

Babban mai juya shi kashin kifi ne da ragowar abinci. Idan suka ruɓe, tsami yana ƙaruwa kullum. Gansakuka kuwa tana shanye iskar da kifi ke fitarwa da rana, sai lambar ta hau. Da dare ta sauka. Don haka a auna sau biyu, da asuba da la'asar, da takardar awo mai sauya launi.

Sabon siminti yana tura ruwa wajen kanwa ƙwarai. A cika tankin, a bar shi ya kwana biyu, a zubar, a maimaita har awo ya daidaita, kafin a saka kifi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, haɗarin ya fi girma, domin amoniyar da kifi ke fitarwa ta fi dafi a ruwa mai ɗumi da ya karkata wajen kanwa.

Idan tsami ya yi yawa, kada a zuba kanwa ko toka; sauyin gaggawa kansa yana kashe kifi. A rage abinci, a kwashe dattin ƙasan tanki, a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da ruwan famfon da ya kwana a buɗe. Dakakken ɓawon ƙwai da aka wanke, a ƙulle a tsumma cikin tankin, yana rage tsami sannu a hankali.