Yadda Dokar Nukiliya Ta Samu a Nijeriya

'Yan'uwa, akasarinmu mun tashi ne da ɗaukar cewa nukiliya bam ce kawai. Dalili kuwa shi ne, a shekarar 1960 Faransa ta gwada bama-bamanta a hamadar Aljeriya, abin da ya sa gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta katse hulɗar jakadanci da ita a watan Janairun 1961.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jinkirin da aka yi wajen tsara doka. Tun a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa, amma sai a 2006 ta fara aiki sosai. Shekara 30 ke nan tana kwance a takarda! Ita kuwa dokar kare jama'a daga tururin nukiliya sai a 1995 aka zartar da ita, zamanin Janar Abacha, sannan hukumar da za ta sa ido a kai ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 2001.

Bayan samuwar wannan hukuma ne aka ba da lasisin kunna 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar ƙasar Sin a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 2004. Kada wani ya zaci lantarki take bayarwa. Aikinta binciken ma'adinai ne da horar da ɗalibai. A 2018 aka kwashe tataccen yuraniyom ɗinta, irin wanda ake iya haɗa bam da shi, aka mayar Sin, aka sa mata mai rauni.