Ko Karatu Yana Shiga Kan Dattijo? Tarihin Yaƙi da Jahilci

Wani mai sauraronmu daga ƙasar Gwaram, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, ya aiko yana cewa shekarunsa sun kusa hamsin, bai iya karatun boko ba, kuma abin yana ci masa tuwo a ƙwarya. Duk saƙon da ya shigo wayarsa sai ya nemi yaro ya karanta masa. Yana tambaya, shin an taɓa yin manya irinsa da suka koya, ko kuwa lokaci ya ƙure?

To Malam, an yi, kuma ba kaɗan ba. Bari mu ɗauko maka zancen daga tushe.

A shekarar 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, ya kuma ja hankali kan duhun kan da talakawa suke ciki. Daga nan ne, a farkon shekarun 1950, gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da shirin da aka sa wa suna Yaƙi da Jahilci. Malam Ahmadu Coomassie na Katsina yana cikin manyan da suka riƙe ragamarsa. A lokacin Birnin Kudu da Gwaram duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano, saboda haka ta hannun hakimai da dagatai umarnin buɗe azuzuwa yake saukowa ƙauyuka.

Ajin nan ba wani gini ba ne. Zaure ne, ko inuwar bishiya, da allo da alli. An fi yinsa da rani, bayan an kai amfanin gona gida, don an san da damina ba mai barin fartanya ya zo ya zauna. A Zariya kuma aka kafa hukumar NORLA don wanda ya koya ya sami abin karantawa. Ita ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna: Kano tana da Sodangi, Katsina Himma, Sakkwato Zaruma. Ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa tun 1939.

Me ya sa magidanci zai zauna a tabarma yana ba, bi, bu? Ba don neman aikin ofis ba ne. Takardar haraji ce da sikelin gyaɗa. Wanda bai iya karatu ba, abin da mai karɓar haraji ya ce an rubuta shi ke nan, abin da mai awo ya ce sikeli ya nuna shi ke nan. Haka wasiƙa: ɗanka yana ci-rani a Kurmi, ya aiko da zancen cikin gida, dole sai bare ya ji kafin kai ka ji. Ranar da mutum ya karanta wasiƙarsa da kansa, ya rufe, ya sa a aljihu, ran nan ya san amfanin zaman da ya yi.

Sai dai sunan shirin ya yi masa illa, kuma a ganinmu masu ƙorafin suna da gaskiya. Ta yaya za ka ce wa mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta bashinsa da ajami, jahili? Dattawa da yawa sun ƙi zuwa saboda wannan kalma kaɗai. Bilhasali ma, wanda ya iya ajami ya fi saurin kama boko, don ya riga ya san yadda ake haɗa baƙi da wasali.

An rufe NORLA a 1959, abin ya yi sanyi. Bai sake ɗaukar zafi sosai a wannan yanki ba sai zamanin Alhaji Abubakar Rimi, mutumin ƙasar Sumaila, wanda ya hau gwamnan Kano a 1979. Gwamnatinsa ta soke haraji da jangali, kana a 1980 ta kafa hukumar ilimin manya ta jiha, wadda aikinta ya game Birnin Kudu da Gwaram, tunda sai a 1991 aka yanke Jigawa daga Kano. A wannan karon an buɗe wa matan aure nasu azuzuwan, ana haɗa musu karatu da sana'ar hannu. Aikin ya yi armashi har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Kano lambar yabo a 1983. A 1990 gwamnatin tarayya ma ta kafa tata hukumar ta ƙasa baki ɗaya.

Yau babu mai bin ka da takardar haraji, amma wayar hannu ta gaje ta. Duk wanda ya ci kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu a farkon 2023, lokacin da takardun Naira suka yi wuya, ya ga yadda ciniki ya koma ta waya. Mutum ya ɗora buhunan riɗi ko masara a mota, a nuna masa saƙo a ce kuɗi sun shiga, shi kuwa ba ya iya bambance dubu hamsin da dubu ɗari biyar, balle ya gane saƙon banki da na ƙarya. Lambar sirrin ma sai ya faɗa wa wani ya danna masa.

Saboda haka shawararmu, fara da lambobi da sunanka, don su ne za ka yi aiki da su ran kasuwa mai zuwa. Idan kana da ajami, rubuta kowane baƙin boko kusa da ɗan'uwansa. Jihar Jigawa tana da hukumar ilimin manya, sai ka tambaya a sakatariyar ƙaramar hukuma inda aji mafi kusa da ku yake. In babu, ku haɗu ku goma ku nemi malamin firamare na garinku, ku yi yarjejeniya da shi bayan la'asar, kafin ruwa ya sauka.