Gangar Jikin Jirgin Katako: Daga Hatsarin 1931 Zuwa Magina Na Gida

A ran 31 ga watan Maris na shekarar 1931, wani jirgin sama ƙirar Fokker ya faɗi a jihar Kansas ta Amurka, mutum takwas da ke ciki suka halaka. Daga cikinsu har da Knute Rockne, mashahurin mai horar da 'yan ƙwallo na Jami'ar Notre Dame. Da aka bi diddigi, sai aka tarar laima ce ta shiga cikin fiffiken katako, ta kashe ƙarfin gam ɗin da ya riƙe shi. Wannan al'amari ya zubar da darajar katako a idon kamfanonin sufuri, suka koma ga ƙarfe, kamar yadda aka gani a jirgin Boeing 247 na 1933.

To, amma katako bai bar sararin sama ba. Hannu kawai ya sauya. A wani ƙauye da ake kira Cherry Grove, cikin jihar Minnesota, akwai wani makaniki mai suna Bernard Pietenpol, wanda bai yi karatun injiniya ba. A 1929 ya tashi da jirgi mai ɗaukar mutum biyu, wanda ya ƙera da kansa, ya ɗora masa injin motar Ford. Da aka buga zanen ƙirar a 1932, sai manoma da kafintoci suka duƙufa kansa a rumbuna da garejin gidajensu.

Haɗa gangar jikin ba shi ne abin wahala ba. Dogayen sanduna huɗu ne na itacen sufurus, mai sauƙin nauyi da juriya, a gitta musu gajeru, a liƙa falle-fallen katako a kowace mahaɗa, a danne da ƙananan ƙusoshi. Hasali ma ƙusar ba ita ke riƙe jirgin ba, aikinta ta matse mahaɗar har gam ya bushe. Inda gizo ke saƙa shi ne aikin ƙarshe. Gam na wancan zamani daga gudajin madara ake haɗa shi; yana da ƙarfi matuƙar yana bushe, amma da ya sha danshi sai ya yi laushi, ya yi fumfuna. Saboda haka dole a goge katakon, a bi kowane lungu da man shafe mai hana ruwa shiga, har wuraren da ido ba zai sake gani ba in an rufe. Sai dai kuma ba a shafa shi inda za a liƙa wani abu daga baya, domin gam ba ya kama katakon da ya sha mai. Wanda ya yi garaje a nan, shi ne zai hau kuskurensa ya tashi sama da shi. Daga nan a huda 'yan ramuka a ƙasan gangar don ruwa ya sami mafita, a lulluɓe ta da yadin auduga, a shafa maganin da zai ɗame yadin kamar fatar ganga.

Gam na roba, wanda laima ba ta cin sa, ya fara samuwa tun ƙarshen shekarun 1930, daga baya kuma yadin roba ya maye gurbin na auduga. Pietenpol ya rasu a 1984, amma har yanzu ana gina jirginsa bisa zanen nan na 1932, masu shi kuma sukan taru kowace shekara a garin Brodhead na jihar Wisconsin.