Daga Zauren Fatoma zuwa Takardar Asali: Matsayin Baƙo a Birnin Kano

Idan ana hira a kan garin da ya fi son baƙi, yawanci a kan fuska ake yanke hukunci. Wani ya ce mutanen wuri kaza akwai fara'a, wani ya ce na wuri kaza ba sa amsa sallama sai da ƙyar. Kanawa ma ba su tsira daga wannan ma'auni ba, domin akwai masu yi wa kirarin garin, Kano tumbin giwa ko da me ka zo an fi ka, fassarar cewa gori ake yi wa baƙo tun bai sauke kayansa ba. Wannan maƙala tana ganin cewa fuska ba ta isa ma'auni ba. Gaskiya ne Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma wannan hukunci ne na kwana uku. Wanda ya zo zama, abin da zai tambaya shi ne: akwai hanyar da zan bi in daina zama baƙo, ko kuwa ni da jikokina haka za mu ƙare? A nan ne ya kamata a auna Kano, kuma abin da awon zai nuna shi ne cewa garin ya taɓa mallakar irin wannan hanya, mai faɗi, sannan aka ƙuntata ta a cikin ƙarnin da ya wuce.

Mai son hujja ya fara da sunayen unguwanni. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi inda Yarabawan farko suka sauka, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka kafa gidajensu tun kafin kalmar Bature ta koma kan mutanen Ingila, da Alfindiki wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Duk waɗannan a cikin ganuwa suke, ba a bayanta ba. Littafin tarihin Kano da aka fi sani ya kawo labarin zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Abin lura a labarin shi ne ba masauki kaɗai aka ba su ba. An danƙa musu limanci da ladanci da alƙalanci, wato muƙaman da suka shafi zuciyar gari. Unguwannin Zaitawa da Mandawari da Sheshe suna nan har yau suna ɗauke da sunayen waɗannan Wangarawa. A zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, Shaihu Magili ya sauka a Kano, ya rubuta wa sarki nasiha kan mulki, zuriyarsa kuma ta zauna a Sharifai. Babu wanda zai shiga Sharifai yau ya ce wa mutumin wurin ya koma Tilmisan, garin su Magili.

To me ya narkar da waɗannan mutane? Ba hali kaɗai ba ne, tsari ne, kuma ginshiƙinsa fatoma. Idan ayari ya iso, kowane falke yana da maigidan da zai sauka a wurinsa. Fatoma ne zai ba shi ɗaki a shigifa ko soro, ya ajiye masa kaya, ya sa a kawo masa tuwo dare da koko da safe, ya haɗa shi da dillali a kasuwar Kurmi, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi, ya yi masa tafinta idan harshe ya gagara. A madadin haka yana samun la'ada. Saboda haka kyautata wa baƙo ba sadaka ba ce kawai, jari ne. Fatoman da aka ci amanar baƙonsa, labari zai riga shi isa Agadas, baɗi kuma ayari ya sauka a gidan maƙwabcinsa. Wannan ne ya sa mutuncin baƙo ya samu mai tsaronsa wanda abincinsa ya dogara a kai. Daga nan sauran matakai suke biyowa: baƙon ya yi sallah a masallacin unguwa, ya sa ɗansa a makarantar allo, wata rana fatoma ya ba shi 'ya ko ya nema masa ta maƙwabci, mai unguwa ya yanka masa fili. Kafin jika ya girma, asali ya koma abin wasan barkwanci tsakanin taubasai.

Na riski ƙarshen wannan al'ada da idona. A gidan da na tashi a cikin gari akwai wani ɗaki a zaure na biyu da ba a taɓa ba wa ɗan gida shi, ko da kuwa samari sun yi yawa suna kwana a cunkushe. Tabarma biyu ce a ciki, da buta, da randa ƙarama, da ƙusa a bango inda ake rataye riga. Duk kaka wani dattijo daga wajen Damagaram yakan sauka a nan da fatunsa. Kakarmu ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, amma ta san ba ya son yaji, kuma kwanonsa ake fara zubawa kafin na maigida. Mu yara Baba muke ce masa, shi kuma yana kiran kakanmu Yaya duk da ba su haɗa jini ba. Ɗansa daga baya ya zauna a Kano, jikokinsa kuma yanzu Kanawa ne da ba wanda yake tambayar su takarda.

Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa manyan rukunonin fataken da suka riƙe hanyar Gwanja, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, duk asalinsu baƙi ne. Daga cikin Agalawa aka samu Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, gidan da yau ake misali da shi idan ana maganar arzikin Kano. Ko a siyasar zamani sawun wannan tsari bai ɓace ba. Sabo Bakin Zuwo, wanda ya zama gwamna a 1983, tsatson Nufawa ne. Malam Ibrahim Shekarau, da ya mulki jihar daga 2003 zuwa 2011, mahaifinsa Babur ne daga ƙasar Biu. Garuruwa nawa ne a Najeriya za su iya nuna irin wannan?

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi iyakar wannan ƙofa. An yi ta ne domin Musulmi, ko wanda ya shirya shiga Musulunci da Hausanci gaba ɗaya. Duk matakan da na lissafa, masallaci da makaranta da aure, a kan addini ɗaya suka ginu. Kuma ba kowane mai shigowa ne ya shigo da ƙafarsa ba, domin bayi ma sun cika garin, narkewarsu kuwa ba ta zaɓi ba ce. Saboda haka lokacin da wani sabon irin baƙo ya bayyana, wanda ya zo da cocinsa da harshensa kuma ba shi da niyyar ajiye su, tsohon tsarin bai tanadi masa ɗaki ba.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga Kudu, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Maimakon a bar gari ya nemo yadda zai zauna da su, sai gwamnatin mulkin mallaka ta yanka musu Sabon Gari a wajajen 1913, a bayan ganuwa, da dokarsa daban da kotunsa daban. Lebanawa, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, aka ba su nasu yankin a Fage, inda sunan Kantin Kwari ya samo asali. A ganina wannan shi ne babban sauyi a tarihin baƙunci a Kano. A da baƙo yana sauka a gidan mutum, yanzu sai ya sauka a unguwar da hukuma ta keɓe. Babu fatoma tsakaninsa da gari, babu wanda abincinsa ya rataya a kan amincinsa, babu wanda za a kira a tambaya idan an taɓa shi. Ana haɗuwa a kasuwa da rana, a rabu da magariba. Mutane biyu da suka yi shekara hamsin suna ciniki ba tare da ɗaya ya taɓa shiga zauren ɗaya ba, jita-jita ɗaya ta isa ta raba su.

Kuma ta raba. Rikicin Mayun 1953, kashe-kashen 1966, tarzomar Oktoban 1991, da ta Mayun 2004 bayan rikicin Yalwan Shandam, duk sun faɗa a kan wannan layin da aka shata. Ba na kawo tarihin Turawa domin in wanke hannun kowa ba. Waɗanda suka ɗauki makami 'yan gari ne, kuma jinin da aka zubar na mutanen da suka zo neman halal ne. Abin da nake cewa shi ne, a kowane ɗaya daga cikin waɗannan rikice-rikice an samu Kanawan da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, kuma kusan kullum za ka tarar akwai sanayya ta gida da gida tsakaninsu. Inda ragowar zumuncin fatoma ya tsira, rai ya tsira.

Turawa sun tafi, amma katangar ta koma takarda. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a sashe na 41, ya hana wariya saboda asali a sashe na 42, sannan a sashe na 147 ya shigo da kalmar ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci. A aikace, takardar shaidar asali da ƙaramar hukuma ke bayarwa ita ce mabuɗin gurbin karatu da tallafi da aikin gwamnati. Ina da abokin karatu da aka haifa a Sabon Gari, mahaifinsa ma a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Da 'yarsa ta tashi neman gurbi, sai aka ce ta kawo takarda daga ƙauyen da kakan mahaifinta ya baro, inda ba ta taɓa kwana ba. Da ya ba ni labari bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, ni ina ne garinmu?" Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Mu da muke jin zafin irin wannan idan an yi wa namu ya kamata mu fi kowa ganewa. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda masani Abner Cohen ya yi nazarinta a littafinsa na 1969, an kafa ta tun 1916, amma rikicin kasuwar Shasha na 2021 ya tuna wa Hausawan garin cewa har yanzu baƙi ake ɗaukar su.

Akwai kuma baƙon da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, wato talaka ɗan uwa. Ɗan ci-rani mai tura kura, mai garuwa daga Nijar, matar da rikicin Borno ya koro da 'ya'yanta, almajirin da aka sauke a tasha. Yawancin mutanen Borno da Yobe da suka shigo Kano ba a sansani suka zauna ba, gidajen mutane da unguwanni ne suka haɗiye su, kuma wannan abin yabo ne da ba a faɗa sosai. Amma a 2020, lokacin annobar korona, an loda almajirai a motoci an mayar da su jihohinsu. Garin da malamai baƙi suka kafa wa limanci ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan wannan hoto.

Fara'ar Kanawa tana nan, duk wanda ya taɓa ɓata hanya a Kurmi ya ga yadda mai rumfa zai bar kayansa ya raka shi ya san haka. Abin da ya lalace shi ne matakalar da ke kai baƙo ga zama ɗan gari. Gyaranta kuwa yana hannun hukuma da masu unguwanni. Kirana ga majalisar dokokin jiha da masarauta da shugabannin ƙananan hukumomi 44 shi ne su amince cewa wanda aka haifa a Kano, ya tashi a cikinta, yake biyan haraji a cikinta, a ba shi takardar Kano, ko sunansa Chinedu ko Modu ko Adebayo.