Tsofaffin kaset-kaset na bidiyo: yadda ake juye su a kwamfuta da kuɗi kaɗan

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai kwali ko kanta da aka jibge kaset-kaset na bidiyo: bikin aure, suna, tarbar alhazai, hawan sallah, naɗin sarauta. Yawancinsu an ɗauke su ne tsakanin shekarun 1980 da farkon shekarun 2000, kafin faifan CD da wayar salula su ture kaset. Sau da yawa a cikinsu ne kaɗai ake iya sake ganin tafiyar wani mamaci, a ji muryarsa.

Abu biyu ke barazana ga wannan ajiya. Zaren kaset leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu, kuma zafin bazara, ƙurar hunturu da laimar damina duk suna cin sa sannu a hankali. Sai dai na'urar da ke karanta shi ta fi shi saurin ɓacewa. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da tsarin VHS a shekarar 1976. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya dakatar da aikin a watan Yuli na 2016. Duk wadda ake gani a kasuwa yanzu tsohuwa ce, kuma kayan gyaranta sai dai a ciro daga jikin wata da ta mutu. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya sa kuɗinsa da lokacinsa wajen neman na'ura mai lafiya, don sauran kayan aikin ba su da tsada.

Kafin a sayi komai, a duba irin kaset ɗin. Babban, mai girman littafi, shi ne VHS. Akwai ƙaraminsa, VHS-C, wanda ake sakawa cikin wani gida mai siffar babban kaset, sai ya shiga na'urar bidiyo ta gida. Video8 da Hi8 na kamfanin Sony, da kuma MiniDV, ba su da irin wannan gida, duk ɗan kasuwar da ya ce yana da shi a bar masa kayansa. Su sai da kamera irin wadda ta ɗauke su. Masu ɗaukar hoton biki na da, waɗanda wasunsu har yanzu suna da shago, su ne wurin da ya fi dacewa a fara tambaya.

Ita kuwa na'urar VHS, wadda masu jin Faransanci ke kira manyetoskop, ana iya dacewa da ita wurin masu gyaran rediyo da tele, ko cikin kayan gwanjo irin na kasuwar Katako a Yamai. Aro ko haya ya fi saye. Idan za a saya, a tafi da kaset ɗin da ba a damu da shi ba a gwada a gaban mai kaya: ta karɓa, ta nuna hoto, ta mayar da zare baya, ta fito da kaset ba tare da ta tauna shi ba. Robobin da ke juya zaren su ne suka fi mutuwa, kuma na'urar da robarta ta saki tana iya yayyaga kaset ɗin aure cikin daƙiƙa kaɗan.

Akwai wata matsala da ta shafi Nijar musamman. Tsohon tsarin launi na telebijin ɗin ƙasar SECAM ne, irin na Faransa, yayin da Najeriya ke kan PAL, Amurka kuma NTSC. To kayan bidiyo sun shigo daga ko'ina: daga Faransa, daga Kano, daga Jidda da Dubai. Kaset ɗin da aka naɗa da SECAM, musamman abin da aka ɗauka daga Télé Sahel, idan aka sa shi a na'urar PAL sai hoton ya fito fari da baƙi. Mutum ya ɗauka launi ya mutu, alhali kaset ɗin lafiyarsa lau. Wanda ɗan'uwa ya aiko daga Amurka kuwa yana iya ƙin fitowa sam, ko ya riƙa birgima. Maganin shi ne na'urar da aka rubuta sunayen tsare-tsaren a gabanta, kuma ko ita sai an gwada, domin wasu na'urorin ƙasashen Larabawa suna karanta nasu salon ne, mai suna MESECAM, ba na Faransa ba.

Abin da ke haɗa na'urar da kwamfuta wani ɗan ƙaramin abu ne mai kama da kile USB, da wayoyi a bayansa. An fi saninsa da sunan EasyCap. Wayar rawaya ta hoto ce, fara da ja na sauti. Na'urorin da suka zo daga Faransa galibi suna da faffaɗan soket mai ƙafa 21, wato Péritel, sai an nemi mahaɗi, a kuma karkatar da maɓallinsa wajen fita. Waɗannan kile ɗin suna da jabu da yawa, wasu ba su gane SECAM, wasu kuma sauti na rabuwa da hoto bayan minti talatin, baki ya motsa magana ta zo daga baya. A nemi sharaɗin mayarwa wurin mai shago.

Manhajar ɗauka ba a sayen ta. OBS Studio kyauta ce, haka HandBrake da ke rage nauyin fayil, haka VLC ta kallo. A saita girman hoto a 720 sau 576, hoto 25 a daƙiƙa ɗaya, ga kaset ɗin PAL da SECAM. Ƙara girman ba ya ƙara kyau: abin da VHS ya riƙe bai wuce layi 240 ba, kuma akwatunan da ake tallatawa da sunan mayar da kaset HD kumbura hoton kawai suke yi. MiniDV dabam ne, don bayanansa tun asali na kwamfuta ne. Ana kwashe shi ta wayar FireWire ba tare da ya rasa komai ba, awa ɗaya tana cin kusan giga 13, amma sai an samu tsohuwar kwamfutar da ke da wannan ƙofa.

Aikin yana cin lokaci daidai tsawon kaset. Wanda aka rubuta wa E-180 awa 3 ne, kuma awa 3 za a zauna. Kaset 20 sun kai awa 60. Saboda haka sai an yi zaɓe: na iyali a gaba, fina-finan Kano da na Indiya a baya, don waɗannan suna da masu su, kuma da yawa ana samun su wani wuri. Ɗaukewar wuta ma abin lura ce. Kwamfutar hannu tana da batir, na'urar bidiyo ba ta da shi, kuma idan wuta ta tafi zaren yana nan naɗe a cikinta. Kada a fizgo shi. A jira wuta ta dawo. Wanda ke da ondilar ko sola ya haɗa na'urar a kai.

Kowane kaset a duba shi ta tagar gilashinsa. Idan an ga farin gari ko ɗigo-ɗigo a gefen zaren, fumfuna ce. Irin wannan a ware shi, a bar shi ƙarshe, domin yana toshe kan na'ura ya kuma shafa wa sauran. Mai gyara yana iya goge kan da alkol da takarda mai santsi. Auduga tana kama ƙananan haƙoran kan ta karya su. A ɓalle ɗan harshen roba da ke bayan kaset tun kafin a sa shi, don kada yaro ya danna jan maɓalli a shafe bikin. Sannan a tura zaren har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya, ya saki jiki. Idan layuka suna yawo a hoton, maɓallin daidaita zare da ke jikin na'urar ko a rimot yakan gyara.

Hanya mafi araha ita ce haɗin gwiwa. Gida biyar ko shida na dangi ɗaya, ko ƴan unguwa, su haɗa kuɗin kile ɗaya da hayar na'ura ɗaya, su ba wani ɗalibi mai kwamfuta ladan zama. Wanda ya fi son kai wa shago ya fara da kaset ɗaya, ya ga sakamako, ya yi ciniki a kan kowane kaset, ya nemi fayil ɗin MP4 ba faifai kaɗai ba. Ya kuma yi magana tun farko cewa a goge kwafin daga kwamfutar shago. Kaset ɗin biki yana ɗauke da matan gida cikin sakewarsu, kuma abin da aka ɗauka don tsakar gida a 1995 yana iya wayar gari a TikTok. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya kafa waya a gaban tele cikin ɗaki mai duhu ya ɗauka. Hoton zai yi rawa, amma murya za ta tsira.

Awa ɗaya a MP4 mai kyau tana cin giga 1 zuwa 2. Kile da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, sai a sauya shi zuwa exFAT ko a raba fayil ɗin. Kwafi ɗaya ba ajiya ba ne: ɗaya a diski, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, in da hali ɗaya a intanet, inda Google Drive ke ba da giga 15 kyauta. WhatsApp na rabawa ne, yana matse hoto, wanda ya bi ta cikinsa ba ya zama na asali.

Sunan fayil ya ɗauki shekara, gari da sha'anin da aka yi. Ya kyautu a kalla tare da wata dattijuwar gida, a rubuta sunayen waɗanda suka fito da mintin da suka fito, a ajiye takardar tare da diskin, don jikokin da za su gaji fayil ɗin ba su san fuskokin ba. Kaset ɗin kansa kada a jefar. A mayar da zarensa farko, a sa shi cikin gidansa, a jera shi a tsaye kamar littafi, nesa da lasifika da kwanon rufi, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.