Dalar 1780 da Mujiyar da ke Jikin Sefa

Har yau idan Bahaushe ya ce dala biyar a kasuwa, sefa 25 yake nufi. Sunan nan ya girmi sefa nesa ba kusa ba, domin sefa a ranar 26 ga Disamba 1945 aka ƙirƙiro ta, ita kuwa dala kakanninmu fatake sun san ta tun zamanin wuri.

Asalin dala kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya, mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Tereza. Ta ratso Sahara ta shigo Borno da Kano, aka yi ciniki da ita, mata kuma suka mai da ita abin ado. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwa sun amince da dalar, sai aka ci gaba da buga ta ba tare da an sauya shekarar ba. An buga ta a Biyana, an buga a Landan da Paris da Roma da Bombay, har cikin ƙarni na 20, kowacce da 1780 a jikinta. Haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton na sunayen jami'an gidan buga kuɗi na Günzburg ne, su ma kwafe su aka dinga yi. Saboda haka wanda ya tsinci dala a adakar kakarsa, kada shekarar ta ruɗe shi. Ta asali nauyinta ya kai giram 28, kuma mafi yawansu darajarsu ta azurfar ce da ta gado.

Haka abin yake ga tsabar sefa da yaron gbaka ke miƙo maka canji. Shekara da shekaru a gidan buga kuɗi na Faransa, wato Monnaie de Paris, ake buga ta, kuma tun 1973 masana'antar tana garin Pessac. Ka ɗauki tsohuwar dala ashirin ka duba da kyau, za ka ga ƙananan alamu biyu kamar ƙwayar gero. Ɗaya ƙaho ne cike da amfanin gona, tambarin gidan tun 1880. Ɗayar kuwa sa hannun babban mai zanen kuɗi ne na lokacin. Raymond Joly, daga 1958 zuwa 1974, mujiya ya zaɓa. Émile Rousseau ya biyo da kifin dolfin har 1994, sannan Pierre Rodier da ƙudan zuma. Mujiyar nan ba ta da haɗi da sihiri, kuma ganinta bai sa kuɗin ya yi tsada ba.

Akwai kuma abin da masu neman wawan ciniki ke kira kuskure. Za su juya tsabar ta gefe, su nuna maka bayanta a kife, su ce na'ura ce ta yi tuntuɓe, don haka ta zama abin nema. Tsohuwar al'adar Faransa ce ta buga kuɗi haka, kai da ƙafa. Ciro wata daga aljihunka ka juya, za ka tarar duk ɗaya ne. Kuskure na gaskiya, kamar bugun da ya kauce daga tsakiya, yana aukuwa amma da wuya, kuma tun daga masana'anta yake fitowa. Tsabar da ta side a hannun mutane ko aka daka da guduma, lalacewa ce kawai.

Kafin ka sayi irin wannan da kuɗin guminka, ko ka miƙa wa maƙeri dalar gado ya narkar, a auna ta a sikeli, a kwatanta da 'yar uwarta, a duba alamar da shekarar ko sun dace. Allah ya tsare mana dukiya da amana.